Ɗan allon da ke kashe rediyo da fitilar sola: ko za a iya sassaƙa shi a Yamai?

Jama'a, duk wanda ya taɓa kai rediyo ko fitilar sola wurin mai gyara ya san maganar nan: "Allon ne ya ƙone, sai an kawo wani." Ɗan koren allon nan ake nufi, mai siraran hanyoyin jan ƙarfe da wuta ke bi. In ya mutu, sau da yawa kayan gaba ɗaya ya zama na jibgewa a kasuwar Katako.

Jiran "a kawo wani" ya ƙara tsawo tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. CEDEAO ta ɗage takunkuminta a Fabrairun 2024, amma Nijar ta bar iyakarta da Benin a rufe, kayan da a da ke shigowa ta tashar Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso. Hanya ta yi nisa, kuɗin mota ya hau, kuma mai saye a ƙauye shi ke biya.

To, shi allon nan ana iya yin sa a shago. Ana zana hanyoyin wutar a kwamfuta da manhajar KiCad, wadda wani malami a Faransa, Jean-Pierre Charras, ya soma a 1992, kuma kyauta ce. Daga nan wata manhajar, kamar FlatCAM ko pcb2gcode, ta karɓi zanen ta mayar da shi umarni ga ɗan injin sassaƙa: bi nan, sauka kaza, ɗaga, huda rami can. Injin, wanda zai zauna bisa tebur, sai ya bi da bakinsa mai tsini yana kankare jan ƙarfen da ke gefen kowace hanya har ta rabu da maƙwabciyarta. Babu ruwan guba irin wanda ake jiƙa allo a ciki a tsohuwar dabara.

Wahalar tana wurin saiti. Jan ƙarfen bai kai kaurin gashin kai ba. In allon ya ɗan karkace, nan bakin ya nutse ya yanke hanya, can ya wuce bai taɓa ba. Shi ya sa ake sa injin ya fara auna tudu da kwarin allon kafin ya soma. In kuma NIGELEC ta ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, wataƙila an yi asarar allon, ko da yake injin ba ya cin wuta sosai, batir da faifan sola za su riƙe shi. Ƙurar da yake tayarwa ma ba ta shaƙa ba ce.

Kada a ruɗe mu da cewa an gama da China. Allon salula hawa-hawa ne, wannan inji ba zai iya shi ba. Farantin jan ƙarfen, da bakunan sassaƙa, da ƙananan kayan da ake liƙawa, duk daga waje suke. Amma allon fitila, da na cajin batir, da wasu sassan na'urorin gidan rediyo irin namu, waɗannan suna cikin iyawarsa, a yini guda maimakon makonni.

A Lome, a 2013, Afate Gnikou na WoeLab ya haɗa injin buga kaya da tarkacen tsofaffin kwamfutoci. Yamai ba ta rasa masu hannu ba: ga ɗaliban EMIG da na Jami'ar Abdou Moumouni, ga cibiyar CIPMEN mai rainon sababbin sana'o'i. A ganinmu abin da ya rage shi ne a haɗa ɗalibin da ya iya zane da mai gyaran da ya san allon da ya fi ƙonewa lokacin zafi.

Ƴan'uwa da ke Legas, Abidjan ko Turai kuwa, in za a aiko wa ƙane mai gyara da tsaraba, irin wannan ƙaramin inji ana sayar da shi a wargaje cikin kwali. A haɗo da bakuna da yawa, don su ne ke saurin karyewa.