Kuɗin Goron da Muke Yi wa Kitse

A jikin yawancin galan da kwalaben man girki da ke kasuwanninmu akwai rubutun da ke tabbatar wa mai saye cewa babu kolestarol a ciki. Maganar gaskiya ce, sai dai ba ta ƙare mu da komai ba. Kolestarol abu ne na jikin dabba. Man da aka tatsa daga gyaɗa, waken suya, riɗi ko kwakwar manja ba ya ɗauke da shi, in ban da ɗan burbushin da ba ya shiga lissafi. Wato man gyaɗar da aka matse a turmi a cikin gida ya cancanci wannan yabo kamar yadda man kamfani ya cancanta. Rubutun yana cin kasuwa ne domin mun riga mun yanke hukunci cewa kitse abokin gaba ne, kolestarol kuma guba. A ganina wannan kuɗin goro yana cutar da mu ta fuska biyu: yana sa mu ƙyamaci abin da jiki ba ya rayuwa sai da shi, yana kuma kau da idonmu daga inda haɗarin yake.

Bahaushe ya bambanta mai da kitse da maiƙo da kakide. Masana kimiyyar sinadaran jiki sun haɗa su duka a dangi ɗaya da suke kira lifid, saboda hali guda: ba sa narkewa a ruwa. Uku daga cikin dangin ne suka fi shafar mu.

Na farko shi ne kitsen ajiya, wanda ya cika kwalbar mai da kuma ƙarƙashin fatarmu. Giram ɗaya nasa yana ba da kalori 9, alhali giram ɗaya na sitaci ko furotin 4 yake bayarwa. Shi ya sa jiki ya zaɓe shi ya zama rumbunsa. Tozon raƙumi ba ruwa ne a cikinsa ba, kitse ne, kuma da shi yake jure doguwar tafiya.

Na biyu shi ne fosfolifid, kitsen gini. Kowane ɗaya yana da kai mai son ruwa da wutsiya biyu masu gudun ruwa. Idan suka taru sai su jeru sahu biyu, kawuna a waje, wutsiyoyi a ciki, su zama katangar da ta kewaye kowace ƙwayar halitta ta jiki. Jijiyoyin da ke ɗaukar saƙo suna naɗe da wani rufi mai maiƙo, kamar robar da ke jikin wayar lantarki, kuma idan aka cire ruwa daga ƙwaƙwalwa, fiye da rabin abin da ya rage lifid ne. Hatta huhu yana buƙatar wani shafe mai maiƙo da ke hana ƙananan jakunkunan iska mannewa; ƙarancinsa ne ke sa bakwaini wahalar numfashi.

Na uku shi ne kolestarol da ake tsoro. Shi ke daidaita taushi da taurin waccan katanga. Daga gare shi jiki ke ƙera sinadaran mazantaka da na matantaka, da kotisol, da bitamin D idan rana ta taɓa fata, da ruwan maɗaciya da ke taimakawa wajen narkar da abinci mai maiƙo. Saboda muhimmancinsa, jiki bai dogara da abinci ba: shi yake ƙera mafi yawan kolestarol ɗinsa, hanta ce kuma babbar maƙerar. Mutumin da ya yi shekara bai ci ƙwai ko nama ba, jininsa ba zai rasa kolestarol ba.

Akwai kuma abin da jiki ba ya iya ƙerawa. A 1929, George Burr da matarsa Mildred, a Jami'ar Minnesota ta Amurka, sun nuna cewa ɓerayen da aka hana wa mai gaba ɗaya suna daina girma, fatarsu ta lalace. Daga nan aka gane cewa akwai nau'in mai da dole sai an ci shi, wato abin da ake kira omega-6 da omega-3 a yau, da ake samu a gyaɗa, riɗi, waken suya da kifi. Bitamin A, D, E da K ma ba sa shiga jiki sosai sai da rakiyar mai. Uwargidan da ke haɗa kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da ɗan mai tana bin ƙa'idar kimiyya, ko da ba ta taɓa jin sunanta ba.

To ina haɗarin yake? Jini ruwa ne, mai kuwa ba ya shiri da ruwa, saboda haka kitse yana tafiya ne a cikin wasu ƙananan motocin dako da furotin ya lulluɓe. Masu suna LDL suna kai kolestarol daga hanta zuwa sassan jiki, HDL kuma suna kwaso rarar su mayar. Idan LDL suka yi yawa suka daɗe suna yawo, sukan kutsa cikin bangon hanyar jini su taru, hanyar ta ƙuntata shekara da shekaru, har ranar da za ta toshe. Idan a zuciya ne, bugun zuciya ke nan. Idan a ƙwaƙwalwa ne, shanyewar ɓarin jiki. Michael Brown da Joseph Goldstein sun sami lambar Nobel a 1985 saboda gano ƙofofin da ƙwayoyin jiki, musamman na hanta, ke janye LDL daga jini da su. Kusan mutum ɗaya cikin 250 yana gadon naƙasu a wannan tsari, sai LDL ɗinsa ya yi sama tun yana yaro. Don haka rashin ƙiba ba shaidar lafiya ba ne. Ido ba mudu ba ne a nan, gwajin jini kaɗai ke faɗa.

Abin da ya fi tada LDL a abinci shi ne ƙosasshen kitse, wanda sarƙoƙinsa suka ƙoshi da haidirojin suka miƙe sambal, suna matsuwa da juna har su daskare. Yana rage yawan waɗancan ƙofofi na hanta. Kusan kashi biyu cikin uku na man shanu ƙosasshe ne, manja kusan rabi, man gyaɗa kuwa bai wuce kashi ɗaya cikin biyar ba. Kwalba na iya cewa babu kolestarol, alhali rabin abin da ke cikinta yana tada kolestarol. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ƙosasshen kitse ya wuce kashi 10 cikin 100 na kuzarin yini. Ga mai cin kalori 2,000, giram 22 ke nan, abin da babban cokali uku na man shanu ke iya cikawa.

Wanda ya fi shi muni shi ne kitsen tirans. A 1902 wani Bajamushe, Wilhelm Normann, ya yi rajistar hanyar daskarar da man tsiro da haidirojin, domin ya daɗe bai lalace ba. An ɗauki shekaru kafin a gane cewa idan daskarwar ba ta cika ba, kitsen da ke fitowa yana tada LDL, yana kuma karya HDL. Denmak ta taƙaita shi a 2003, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kiran kawar da shi a 2018, Najeriya kuma ta ƙayyade shi a 2023: kada ya wuce giram 2 cikin giram 100 na mai. Mataki ne mai kyau, amma doka tana bin abin da ke da lakabi. Man da ake aunawa da kwalba a kasuwa, da wanda aka soya ƙosai da awara da kifi a cikinsa har ya yi baƙi, ba su da lakabi. Maimaita ƙona mai yana farfasa shi ya fitar da sinadarai masu illa, kamar yadda ƙona manja har ya yi fari yake lalata sinadarin bitamin A da ya ba shi launinsa.

Wani zai ce kakanninmu sun sha man shanu ba su ga komai ba. Su sun sha shi ne bayan wunin noma da kiwo da tafiyar ƙasa, mu kuwa daga kujerar ofis zuwa ta mota. Ba su kuma san lemon kwalba ba. Hanta tana mayar da rarar sukari da sitaci zuwa kitse, shi ya sa wanda ya ƙaurace wa mai amma ya riƙe zaƙi da malmalar tuwo biyu yake ajiye teɓa. Wani kuma zai ce da tsadar mai a yau, wa zai ce wa mai ƙosai ta zubar da nata? Wannan uzuri ne mai ƙarfi, shi ya sa nauyin bai kamata ya faɗa kanta ita kaɗai ba.

Ya kamata NAFDAC ta riƙa gwada man da ake aunawa a kasuwa, ta kuma tabbatar kowace kwalba ta nuna yawan ƙosasshen kitse da na tirans da manyan haruffa irin waɗanda aka rubuta tallan da su. Mu kuma a gida mu mayar da man gyaɗa ko na waken suya na yau da kullum, man shanu ya koma na ɗanɗano, a bar manja da jansa, a daina juya man suya ɗaya har mako. Wanda ya kai shekara 40, ko wanda ciwon zuciya ya kama iyayensa da wuri, ya auna kitsen jininsa ko da jikinsa kamar tsinke yake. Idan muka tsaya a gaban mai sayar da mai, abin tambaya shi ne wane iri ne, nawa za a ci, kuma sau nawa ya hau wuta.