Ra'ayinmu: Masu Rubuta Labarin Zango Na Bukatar Tsofaffin Fatake

Sanin kowa ne cewa rubuta littafi ba sana'a ce mai ciyar da mai ita ba a Nima ko Mamobi. Duk wanda ya sa kansa, sai dai ya yi bayan ya rufe shago ko ya dawo daga tasha: yau shafi guda, gobe rabi, jibi a ɗauke wuta. Duk da haka ba a rasa masu yi ba, kuma a cikinsu akwai masu ƙaga labari su ɗora shi a kan zamanin kakanni. Wannan hanya ba sabuwa ba ce. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya bi ta da Shaihu Umar, haka nan a 2018 Ayesha Harruna Attah 'yar ƙasar Gana ta fitar da littafinta na Turanci a kan Salaga. Muna yaba wa masu tasowa, amma muna da magana da su, muna kuma da wadda ta fi ta girma da ku 'yan kasuwa.

Mai ƙaga labari yana da damar ƙirƙiro mutane yadda ya ga dama, amma ba shi da damar ƙirƙiro zamani. In ya sa dillali yana karɓar lada da sidi a 1950, duk tsohon da aka karanta wa zai yi dariya, domin sai a 1965 sidi ya shigo. Kafin nan fam da sule da kwabo ake ƙirgawa. In ya zaunar da jaruminsa a Nima a 1900, ya ajiye shi a daji, don kuwa sai a farkon shekarun 1930 Malam Amadu Futa ya sami wurin daga hannun mutanen Osu. Ko Sabon Zango na Malam Bako ya girme ta da kimanin shekara 20. Motar da ta shiga Ankara kafin Agustan 1974 a hannun hagu take tafiya. Tsohon garin Kete-Krachi kuwa, inda Alhaji Umaru ya zauna har ya rasu a 1934, ruwan madatsar Akosombo ya ci shi, saboda haka wanda ya je yau ya kwatanta abin da ya gani, wani garin ya kwatanta. Marubucin da ya kwashe mako guda yana bin diddigin irin waɗannan bai ƙara ko layi ba, a wurinmu bai yi asarar makon ba.

To, amma ina zai samo su? Wasu suna ma'ajiyar takardun gwamnati a Ankara, wasu suna Jami'ar Legon, inda aka tara rubuce-rubucen malamanmu na Larabci da Ajami. Sai dai takardar Bature abin da ya dami Bature ta riƙe: haraji, shari'ar fili, da wanda za a naɗa sarkin Zango. Ba za ta gaya maka yadda ake ɗaure huhun goro ba, ko bayan kwana nawa ake kwance shi a tsince ruɓaɓɓe a yayyafa ruwa, ko me ke tsakanin mai gida da baƙonsa in kaya suka yi kwantai. Ba ta san me madugu ke cewa in ayari ya iso mashigi ba, ballantana yadda mai kaya ke ji in aka ce jirgin Ikko ya tashi ya bar shi, a hanyar ruwan nan da Alhassan Ɗantata ya yi safarar goro. Wannan ilimi yana bakin dattawan da ke zaune a rumfunanku, daga Aflao zuwa Bawku, daga Jibiya zuwa Illela, da cikin akwatunan da ke ɗauke da tsofaffin rasit, fasfo da wasiƙun Ajami, waɗanda magada kan zubar ranar rabon gado.

Kada wani ya ce ai tatsuniya ce, me ya yi zafi? A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su bar Gana. Mutanen da aka haifa a Zango suka karyar da gidaje da rumfuna, aka loda su a manyan motoci zuwa garuruwan da wasunsu ba su taɓa gani ba. A 1983 Nijeriya ta yi wa 'yan Gana irin haka. Abin da ya sauƙaƙa wannan aiki shi ne an daɗe ana kallon ɗan Zango a matsayin wanda ya sauka jiya, alhali tun ƙarni na 19 Hausawa ke Ankara, wasu sojan Gulaba, wasu fatake, wasu malamai. Yaro ba ya zuwa ma'ajiyar gwamnati, amma yana karanta labari in ya yi daɗi. Wanda kuwa yake da shekara 20 lokacin korar Busia, yau ya haura 70.

Su ma marubutan kada su mai da aikin kirari. Salaga kasuwar goro ce, kasuwar bayi ce kuma, kuma ba baƙi kaɗai suka saya suka sayar ba. Zangon Ankara ya sha rigingimun limanci da sarauta tsakanin Hausawa, Yarbawa da Fulani. Littafin da ya tsallake waɗannan don gudun ɓacin ran wani gida, dattawa za su gane, sai dai su yi shiru.

Saboda haka muna kira ga shugabannin kasuwanni da sarakunan Zango: in yaro ko yarinya suka zo da littafi da biro suna tambayar nawa ake sayar da ƙwaryar goro zamanin Nkrumah, kada a ɗauke su 'yan leƙen asirin kwastan. A ba su tabarma, a haɗa su da wanda ya sani, musamman tsofaffin mata, waɗanda su ne suka riƙe adashi da cinikin cikin gida. Mai takarda ya bari a ɗauki hotonta da waya a mayar masa da abinsa. Shi kuma marubuci ya rubuta sunan garin da shekarar da aka gaya masa, ya tambayi mutum na biyu kafin ya sa a littafi.