DOKA TA GA MAI BUHU, BA TA GA MAI KAMFANI BA



Babban zaɓe ya ƙarato, masu neman ƙuri'a sun fara zagaya unguwanni da buhunan shinkafa da turamen atamfa. Mu buhun da muka zo da maganarsa daban ne. Shi ne buhun nan da yaro ɗan shekara goma sha biyu yake saɓawa a kafaɗa tun asuba, yana bin bola da kwata yana tsintar gwangwani da guntun waya. Kowa ya san shi. Wasu su ce ɗan gwangwan, wasu ɗan jari bola, a Barno kuwa sana'ar ma ajakuta ake ce mata.

Wannan suna na ajakuta ya isa abin kunya ga duk wanda ya taɓa riƙe mulkin ƙasar nan. A 1979 aka ƙulla kwangilar gina babbar ma'aikatar ƙarfe ta Ajakuta da mutanen Tarayyar Sobiyat, don a narka taman da Allah ya binne mana a Itakpe. Aka gina ma'aikatun murza ƙarfe a Katsina da Jos da Oshogbo don su riƙa yin rodi. A 1994 aka ce aikin Ajakuta ya kai kashi 98 cikin ɗari. Soja sun zo sun tafi, farar hula sun zo sun tafi, babban tanderun nan bai narka tama ba. To, rodin da ake zuba dakali da shi a Kano da Abuja da Ikko, daga ina yake fitowa? Mai yawa daga cikinsa daga buhun yaron nan ne. Shi ya tsinto, ya kai wa mai sikeli, mai sikeli ya tara wa dila, dila ya cika tirela, tirela ta sauke a ƙofar kamfanin narka ƙarfe. Watau abin da gwamnatoci suka kasa yi da biliyoyin kuɗi, ɗan talaka ne yake yinsa da ƙafa ba takalmi.

Saboda haka kada wani ya ce muku jam'iyyarmu tana gaba da sana'ar tsohon ƙarfe. Sana'a ce ta halal, tana ciyar da gidaje masu ɗimbin yawa, tana kuma share mana gari. Abin da muke gaba da shi, shi ne yadda aka raba ribar da wahalar.

Ku dubi batirin mota. Fiye da rabin nauyinsa dalma ce, sauran kuwa roba da ruwan batir mai cin fata. Idan ya mutu, ana fasa shi da gatari ko adda, a tsiyaye ruwan a ƙasa, a kwashe dalmar a zuba a wuta. Hayaƙin da yake tashi ba irin na itace ba ne da iska za ta ɗauke a manta. Ƙura ce mai guba, tana sauka a kan rufin ɗaki, da tsakar gida, da garin da aka shanya, da filin da yara suke wasa. Yaro ya taɓa ƙasa ya sa hannu a baki, shi ke nan ta shiga jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani ɗan kaɗan na dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa. Tana dakushe ƙwaƙwalwar yaro, kuma abin da ta lalata a can ba ya dawowa. Tana taɓa ƙoda, tana hau da jini, tana zubar da ciki. Malam ya yi ta dukan yaro wai ba ya gane karatu, ashe ba laifin yaron ba ne.

Mu mutanen Arewa ba sai an yi mana tafsirin dalma ba. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka tarar da sababbin kaburburan yara jere a ƙauyukan Anka da Bukkuyum ta Jihar Zamfara. Yara fiye da 400 suka rasu. Can dutsen zinariya ne mai haɗe da dalma ake daka a cikin gida, ba batir ba, amma gubar ɗaya ce. Garin Bagega sai da ya jira har 2013 kafin a saki kuɗin kwashe gurɓatacciyar ƙasarsa. A 2015 abin ya sake aukuwa a yankin Shikira na Jihar Neja, yara 28 suka tafi. Wanda bai ɗauki darasi daga wannan ba, me zai koya masa?

Ga amsar. A Ogijo ta Jihar Ogun, dab da Ikorodu, kamfanonin narka batir da tsohon ƙarfe sun yi shekaru suna aiki a tsakiyar gidajen mutane da makarantu. A watan Nuwamba na 2025 'yan jaridar Amurka suka buga binciken da suka yi a garin. An gwada jinin mutum 70, aka sami bakwai cikin kowane goma da dalma mai cutarwa a jikinsu. Dalmar da aka narka kuwa jirgin ruwa ake ɗora wa, har Amurka take kaiwa a yi sababbin baturan mota da ita. Su can sun tsananta dokarsu don kare 'ya'yansu, sai aka kawo ƙazamin aikin inda ran yaro yake da araha. A cikin shekarar 2025 hukuma ta garƙame wasu daga cikin kamfanonin. Madalla. Amma muna tambaya: duk shekarun da hayaƙin nan yake tashi da rana tsaka, ina masu duba masana'antu suke? Hanci ne ba su da shi, ko ido? Kuma kada wani ya ce wannan matsalar Kudu ce. Ku tambayi direbobin tirela inda suke kai mataccen batirin da ake tarawa a garuruwanmu, ku kuma tambayi su wane ne leburorin da suke sauke shi. Yanzu da rashin wutar lantarki ya sa kowa yana neman sola, matattun batura ƙaruwa za su yi.

Za su ce muku ai babu doka, a ba su lokaci su yi. Ƙarya ce! Doka tana nan jibge. A 1988 aka gano jiragen ruwa daga Italiya sun sauke dubban gangunan guba a garin Koko na tsohuwar Jihar Bendel. Ƙasa ta ɗauki zafi, gwamnatin soja ta tilasta aka kwashe kayan, ta kafa Doka ta 42 wadda ta yanka ɗaurin rai da rai ga mai zubar da shara mai guba, ta kuma kafa hukumar kare muhalli da Doka ta 58. A 1992 aka yi dokar da ta ce ba za a kafa babbar masana'anta ba sai an auna illar da za ta yi wa maƙwabta. A 2007 aka kafa hukumar NESREA. A 2011 aka fito da ƙa'idoji na musamman a kan masana'antun ƙarfe da masu narka tsohonsa. A 2024 aka ƙara wasu a kan batir kaɗai. Takarda kan takarda. Har tsarin mulki, a sashe na 20, ya ɗora wa gwamnati kare ruwa da iska da ƙasa. Sai dai masu wayo sun ajiye wannan sashe a Babi na Biyu, sa'an nan suka rubuta a sashe na 6 cewa kotu ba ta da ikon tuhumar gwamnati a kan abin da yake cikin babin. An ba ka tuwo an riƙe maka hannu ke nan.

To amma idan aka zo kan mai buhu, nan fa doka take da ƙafa, har da gudu. A farkon 2025, da aka sace murafun kwalbatin titunan Abuja, nan da nan aka hana 'yan jari bola shiga birni, aka rufe kasuwannin panteka na mako biyu. Ba mu goyon bayan ɓarawo. Wanda ya cire murfin kwalbati, ko ya kwance layin dogo, ko ya yanke wayar lantarki, a hukunta shi, mu ma mu ne muke faɗawa ramin. Amma murfin kwalbati ba a cin sa da miya. Wani ne ya saya, wani ne ya narka. Yaron da ya ɗauko an nuna shi a talabijin tsugune.

A Barno, a watan Mayu na 2022, 'yan bindiga suka kashe wajen mutum 30 kusa da Rann, mutanen da suka shiga daji neman tsohon ƙarfe. Yunwa ce ta kai su. A 2023 gwamnatin jihar ta hana sana'ar. Hani yana da sauƙi, sa hannu ne kawai. Abin da mutum zai ci bayan hanin, shi ne aikin da ake zaɓen gwamnati dominsa.

Idan kuka ba mu amana, ga inda za mu sa gaba. Wakilanmu za su kai ƙudurin gyara tsarin mulki, don talaka ya iya kai gwamnati da kamfani gaban alƙali a kan iskar da yake shaƙa. Babu kamfanin da zai narka dalma kusa da gida ko makaranta ko asibiti. Wanda yake can ya tashi, kuma shi zai biya kuɗin kwashe ƙasar da ya ɓata da maganin waɗanda ya cutar, ba baitulmali ba. Za a riƙa gwada jinin ma'aikata da na yaran unguwa kyauta, a kuma liƙa sakamakon binciken kowace masana'anta a ƙofar sakatariyar ƙaramar hukuma da harshen da mutanen wurin suke ji, don kada rahoto ya kwana a aljihun wani. Ma'aikacin da ya rufe ido a kan kamfani mai guba zai tsaya gaban kotu tare da mai kamfanin. Tara kuwa za ta bi girman ciniki, domin tarar da ba ta kai ribar yini ɗaya ba kuɗin shayi ce.

Su kuma 'yan gwangwan, ba kora za mu yi musu ba. Za mu yi musu rajista ta hannun ƙungiyoyinsu, da katin shaida, da fili na sana'a a bayan gari, da safar hannu da takalmi, da sikelin da hukuma ta auna don a daina cutarsu a kilo. Kowane dila zai riƙe littafin abin da ya saya da wanda ya sayar masa, ta haka ake kama kayan sata. Mataccen batir za a karɓe shi a rufe da ruwansa, a biya mai kawowa, don kada ya ga amfanin fasa shi a bayan gida. Yaron da bai kai shekarun aiki ba kuwa, aji ne wurinsa, kuma sai an tallafa wa uwarsa kafin ya iya zama a ajin.

Duk ɗan takarar da ya zo ƙofar gidanku, ko namu ne, ku tsayar da shi ku tambaye shi: kamfanin narka ƙarfe nawa ne a mazaɓarka, wa ya ba su izini, yaushe aka gwada jinin yaran da suke kusa da su? Idan ya fara kame-kame, ku karɓi sallamarsa ku riƙe ƙuri'arku. Wanda bai karɓi katin zaɓensa ba ya je ofishin hukumar zaɓe na ƙaramar hukumarsa tun kafin a rufe. Wanda ya iya karatu kuma ya karanta wa na kusa da shi wannan takarda, musamman a wurin masu sikeli da garejin makanikai.