Malamin Hausa da Kwanan Dawa

Wata rana a cikin aji na tambayi ɗalibaina masu shirin zama malamai bambancin da ke tsakanin gwanki da kanki. Ajin ya yi tsit. Can sai wani ya ɗaga hannu ya ce a ganinsa kalma ɗaya ce, karin harshe ne kawai ya raba su. Ban yi masa dariya ba, domin laifin ba nasa ba ne. An haife shi a birni, ya yi karatu a birni, iyakar saninsa da namun daji shi ne hoton littafi. Amma wannan ɗalibi shi ne gobe zai tsaya gaban yara ya koyar da su tatsuniya da karin magana da kirari, waɗanda kaso mai yawa daga cikinsu a dawa aka haife su.

Ra'ayina shi ne, bai kamata ɗalibin Hausa ya karɓi takardar shaidar malanta ba tare da ya kwana ko da dare biyu ne a wani gandun daji ba, kusa da ruwa da duwatsu, inda namun daji ke rayuwarsu. Kwana nake nufi, ba irin ziyarar nan da ake zuwa da hantsi a ɗauki hoto a juyo kafin la'asar ba. Dalili kuwa, dawa ba ta nuna kanta da tsakar rana. Idan rana ta take, dabbobi sukan shige inuwa su kwanta, sai da sanyin safiya da kuma yamma liƙis suke gangarowa mashaya. Da dare kuma kunne ne ke aiki. Wanda ya taɓa jin kukan kura daga cikin tanti, ba ya bukatar dogon sharhi kafin ya gane dalilin da ya sa Bahaushe ya cika tatsuniyoyinsa da ita.

Wuraren yin haka ba su yi mana nisa ba. A kudancin Jihar Kano akwai tafkin Tiga, wanda aka kammala madatsarsa a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ga dajin Falgore daura da shi, ga kuma duwatsun Riruwai can gaba. A Jihar Bauchi akwai Yankari, wanda aka keɓe a 1956, aka buɗe wa baƙi a 1962, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. Mai son tsaunuka na gaske kuwa sai ya nufi Gashaka-Gumti a jihohin Taraba da Adamawa, inda Chappal Waddi yake, tsaunin da ya fi kowanne tsawo a Nijeriya, mita 2,419.

Mu ɗauki Yankari, tun da shi ne ya fi saukin zuwa, kuma akwai masauki a Wikki. Da rani, bayan ciyawa ta bushe kuma ƙananan tafkuna sun ƙafe, dabbobi sukan taru a bakin kogin Gaji. A nan ɗalibi zai iya ganin giwa da ɓauna da gwambaza da mazo da gadu, ya ga kada kwance yana shan hantsi. A nan ne zai gane cewa gwanki babbar dabba ce mai ƙahonni da suka lanƙwasa baya da zanen fari da baƙi a fuska, kanki kuwa doguwar fuska gare shi da gangaren baya. Zai ga burtu yana takawa a ƙasa da ƙasaita, sai ya fahimci dabarar maharbin da ke ɗaura kan burtu a goshinsa yana rarrafe don ya kusanci nama. Zai taɓa ƙawo da marke da ƙirya da taura da hannunsa, ya raba fadama da ƙorama, ya raba kwazazzabo da kwari. Duk waɗannan kalmomi suna cikin ƙamus, amma kalmar da ba ta da hoto a zuciyar mai koyar da ita, haddarta kawai zai bai wa yara, su ma su manta bayan jarrabawa.

Akwai kuma wata taska da ba a cika lura da ita ba, wato masu gadin gandun da tsofaffin mafarautan ƙauyukan da ke kewaye. A bakinsu ake jin sunayen sawu da na kashi da na kuka, da kirarin dabbobi, da camfe-camfen da suka shafi dawa. Hirar dare ɗaya da irin waɗannan mutane a bakin wuta, idan ɗalibi ya riƙe alƙalaminsa da kyau, ta isa ta ba shi abin rubuta kundin kammala karatu. Su ma ƙarewa suke yi, kamar yadda namun ke ƙarewa.

Na san abin da za a ce, kuma ba zan raina shi ba: tsaro. Dazuzzuka da dama da a da ake zuwa yawon buɗe ido sun zama mafakar masu ɗauke da makamai. Sambisa kanta gandun namun daji ce kafin ta yi sunan da aka san ta da shi yanzu. Uban da ya ji labarin Chibok a 2014 da Ƙanƙara a 2020 da Kuriga a 2024, yana da gaskiya idan ya ce ɗansa ba zai kwana a daji ba. Saboda haka ba na cewa a rufe ido a tafi. Kada a ɗaga ƙafa sai hukumar gandun da jami'an tsaro sun tabbatar da halin da wurin yake ciki a wannan makon, domin labarin bara ba ya amfani a nan. In babban daji bai yiwu ba, a nemi bakin wata madatsar ruwa ko gindin wani dutse kusa da gari, ko fadamun Haɗeja da Nguru inda tsuntsaye ke zuwa daga Turai a lokacin hunturu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mayar da rashin tsaro hujjar soke tunanin baki ɗaya, har a wuraren da babu wata fargaba.

Maganar kuɗi ba ta kai wannan nauyi ba. Tanti da gidan sauro da tukunya da mota guda ba su fi ƙarfin sashen da ke shirya bikin makon Hausa duk shekara ba.

Shi kuwa malamin da zai jagoranci tafiya, akwai abubuwan da sakaci da su kan jawo nadama. Ba a kafa tanti dab da bakin ruwa, domin dorina da dare take fitowa kiwo, kuma ba ta ƙaunar a shiga tsakaninta da ruwanta. Ba a barin ɗalibai su yi wanka a ruwan da ke kwance, saboda tsargiya da kada. Abinci a rufe shi a adana, don gwaggon biri na Wikki ya daɗe da sanin amfanin leda a hannun baƙo. Ɗalibai mata su sami zangonsu daban tare da malama. Wuta kuwa a kashe ta da ruwa kafin a kwanta, musamman da hunturu, lokacin da tartsatsi ɗaya zai iya cinye abin da ya shekara hamsin yana girma. Kowane ɗalibi ya tafi da ƙaramin littafi, ya rubuta sunan duk abin da ya gani da wanda ya faɗa masa sunan, in an dawo a zauna a aji a kwatanta da abin da ke cikin ƙamus.