Ruwa Cikin Baƙin Mai: Shawara Ga Masu Tsohuwar Tarakta

Ya ku manoma da dagatai, ga wata magana da ta cancanci ku saurara tun rani bai wuce ba. Tsohuwar tarakta dukiya ce, kuma sau da yawa abin da ya ke kashe ta ruwa ne, wanda ya sulale ya shiga baƙin man injinta. Idan aka ga haka, wani ya kan sake mai ya koma gona, wani ya kan sa a kwance inji duka. Ra'ayinmu shi ne duka biyun sun yi gaggawa. A fara sanin ƙofar da ruwan ya bi, gama ruwa ba ya tsami banza.

Ku sani, aikin baƙin mai shi ne ya shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe domin kada su ci juna. In ruwa ya gauraya da shi, sai santsinsa ya ragu, tsatsa ta kama ciki, ƙarafan su goge har inji ya fara buga. Alamarsa ba ta ɓuya. Ku zaro sandar awon mai. Idan man ya zama fari-fari kamar kunu, ko kuwa ya haura alamarsa alhali ba wanda ya ƙara, to akwai ruwa.

Ga gwaji biyu da ba su bukatar ko kwabo. Na fari, a bar tarakta ta kwana ba a tayar ba. Da safe a sassauta notin da a ke zubar da mai ta ƙarƙashi, kaɗan kawai. Ruwa ya fi mai nauyi, saboda haka shi ya kan kwanta a ƙasa, shi zai fara ɗigowa. Na biyu, a ɗora ƙarfe a wuta ya yi zafi, a ɗiga masa man, a kau da fuska. Mai tsantsa sai ya yi hayaƙi shiru, mai ruwa kuwa sai ya yi ta tartsatsi, domin ruwa ya kan tafasa a digiri 100, tun mai bai ji komai ba.

To, ƙofofin ruwa uku ne. Ta farko, tururi. Duk lita ɗaya ta man da inji ya ƙona ta kan bar kusan lita ɗaya ta ruwa, ya fita ta salansa. In ana tayar da inji ana kashe shi tun bai yi zafi ba, musamman da hunturu, sai wani ya sauka cikin mai. Wannan ya kan bar farin kumfa a murfin zuba mai kaɗai. Maganinsa a sake mai, a yi aiki da tarakta har ta yi zafi sosai. Ta biyu, ruwan sama. Salansar da ke tsaye ta kan sha ruwa in an bar tarakta a fili, kuma gwangwani ɗaya da aka kife a bakinta ya isa ya hana. Ta uku ita ce mai tsanani, watau ruwan lagireto. In kullum ana ƙara masa ruwa ba a ga inda ya ke zuba ba, ko ana ganin kumfa na tasowa a bakinsa, ko farin hayaƙi bai yanke ba bayan inji ya yi zafi, to gasket ɗin kan inji ya ƙone, ko kuwa ƙarfe ya tsage.

A nan ne sanin irin taraktarku ke da amfani. Ƙaramar Ferguson mai launin toka, wadda aka ƙera fiye da 500,000 a Ingila daga 1946 zuwa 1956, bututun da fistin ke hawa da sauka a cikinsa ruwa ne ke kewaye da shi kai tsaye, abin da ya tare ruwan daga mai kuwa ɗan shimfiɗi ne a gindinsa. In ya tsufa sai ya yi yoyo. Amma Massey Ferguson 135 mai injin dizal na Perkins, wadda ta fito a 1964, nata bututun ba ya taɓa ruwa, don haka gasket a ke fara tuhuma. Makaniki nagari zai cire kwanon mai na ƙasa, ya cika lagireto, ya duba inda ɗigo ke fitowa kafin ya faɗi kuɗi. Wanda ya faɗi kuɗi tun bai duba ba, ku nemi wani.

Wani zai ce, damina ta kama, huɗa ba ta jira. Gaskiya ne. Amma ruwa ba ya matsuwa. In ya taru a kan fistin aka tayar da inji da ƙarfi, sai sandar fistin ta lanƙwashe, gyaran kwana biyu ya zama na wata guda, ga bashi, ga gonakin jama'a ba a taɓa ba. Kuma kada a buɗe lagireto da zafi, kada a zuba ruwan sanyi a inji mai zafi, gama ta haka a ke tsaga shi.

Ku dagatai, inda tarakta ta jama'a ce, ku damƙa ta a hannun mutum ɗaya, ku ba shi littafi ya riƙa rubuta ranar sake mai da yawan ruwan da ya ƙara. Ku yi mata rumfa. A duba mai da ruwa kowace safiya kafin a tayar. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Wassalam.