Ra'ayinmu: Kada mu sayar da gafakar kakanni

Duk ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Njamena da Kusiri da Gambarun Ngala ya san cewa ba kowane kaya ke ƙetare gadar Ngeli a bainar jama'a ba. Cikin kayan da ke sulalewa a ɓoye har da tsofaffin littattafai rubutun hannu, musamman Alƙur'anai masu zayyana da magada ke fitarwa daga ɗakin marigayi malam su miƙa wa dillali a kan kuɗi ƙalilan. Wannan jarida na ganin lokaci ya yi da 'yan kasuwarmu za su tsame hannunsu daga wannan ciniki.

Yana da kyau mu san darajar abin da ake magana a kai. Sarakunan Kanem sun karɓi Musulunci tun ƙarshen ƙarni na 11, kuma a ƙarni na 13 mutanen Kanem har makaranta suka mallaka a birnin Alƙahira domin ɗalibansu da alhazansu. Wasiƙar da Mai Usman ɗan Idris na Barno ya aika wa Sarkin Masar Barƙuƙ wajen shekarar 1391 tana nan cikin littafin malamin nan Alƙalƙashandi. Daga wannan tushe ne aka samu rubutun Barnawi mai kauri, inda ake rubuta baƙi da baƙar tawada, wasali da ja, hamza da rawaya, sannan a ƙawata wuraren hizifi da na sujada da zayyana. A ƙarshen shekarun 1950 wani masani Bature mai suna Bivar ya ɗauki hotunan wasu tsofaffin Alƙur'anai na Barno, ɗaya daga cikinsu yana ɗauke da kwanan wata na shekarar 1669, kuma a tsakanin layukansu akwai fassara cikin tsohon harshen Kanembu. Ke nan takarda guda tana riƙe da addini da harshe da tarihin ƙasa baki ɗaya.

Wani zai ce ai a gidan tarihin Turai littafin zai fi samun kulawa. Gaskiya ne suna da ɗakunan ajiya masu sanyi da ƙwararrun ma'aikata, amma littafin da ya bi hannun dillali ba kasafai yake isa can a cike ba. Misali shi ne shahararren Shuɗin Alƙur'ani, wanda aka rubuta da ruwan zinariya a kan fatar da aka rina da baba, kimanin shekara 1,000 da suka wuce. Yau kaso mafi yawa na abin da ya rage yana gidan tarihin Raƙƙada kusa da Ƙairawan a Tunisiya, sauran waraƙoƙin kuwa sun watsu a gidajen tarihi da hannun attajirai har Amurka, domin an riƙa sayar da su ɗaya bayan ɗaya. Namu littattafan sun fi shiga wannan haɗari, tun da ba a ɗinke su, waraƙa-waraƙa ake jera su a cikin bango a sa a gafaka. Dillali na iya zare shafukan da ke da zayyana ya sayar daban, ya bar sauran ba kai ba gindi.

Kuma abin da ya fita da wuya ya dawo. A shekarar 1890 sojojin Faransa suka kwashe ɗakin karatun gidan Alhaji Umaru Tal a Segu, littattafan suka ƙare a babban ɗakin karatu na birnin Faris. A nan Chadi, kisan gillar da aka yi wa malamai a Abeshe cikin 1917 ya sa masu ilimi da yawa sun yi hijira, yayin da gidan tarihin ƙasa da aka kafa a 1962 ya yi asarar kayayyaki masu yawa a shekarun yaƙin basasa. Ɗan abin da ya tsira yana hannun iyalai, saboda haka su ne masu tsaronsa na ƙarshe.

Mutanen Tambutu sun nuna cewa talaka na iya wannan aiki. A watan Janairun 2013 'yan bindiga suka ƙona littattafai kusan 4,000 a Cibiyar Ahmad Baba, amma kafin nan iyalai da direbobi da masu jiragen ruwa sun riga sun fitar da dubun dubata zuwa Bamako a cikin akwatunan ƙarfe. Hanyoyin fatauci ne suka cece su, kuma a 2025 aka fara mayar da su gida.

Ba dillali kaɗai ne abokin gaba ba. Gara da ɗanshi da yoyon ɗaki suna cin takarda a hankali, ga kuma ambaliya irin wadda ta auka wa Njamena a 2022 da Maiduguri a watan Satumban 2024. Wanda ke da tsohon littafi ya ɗaga shi daga ƙasa, ya naɗe shi da tsabtataccen ƙyallen auduga, kada ya ƙunshe shi a leda, kada kuma ya manna yagaggen shafi da salatif ko gam. Ya ɗauki hoton kowane shafi da wayarsa, har da na ƙarshe inda marubuci kan sa sunansa da ranar da ya kammala.

Muna kira ga shugabannin kasuwanni da ƙungiyoyin direbobi da su gargaɗi mutanensu, kada kowa ya karɓi saƙon tsohon littafi da bai san asalinsa ba. Yarjejeniyar UNESCO ta 1970 ta yi hani da fataucin kayan tarihi ta ɓarauniyar hanya, kuma wanda aka kama da kayan a kan iyaka shi zai amsa tambaya, ba wanda ya aiko shi ba. Ita kuma gwamnati ta yi koyi da Gidan Arewa da ke Kaduna da cibiyar IRSH ta Yamai, ta buɗe wurin da iyali za su kai littafinsu a yi masa rajista, a ɗauki hotonsa, a mayar musu da abinsu. Idan talauci ya tilasta wa magada sayarwa, attajiranmu su saya su yi waƙafi da shi ga makaranta ko masallaci a cikin ƙasa. Kuɗin dillali ba zai kai ƙarshen wata ba, littafin kuwa ya riga ya yi ɗaruruwan shekaru a hannun kakanninmu.