Makantar da za a iya kauce wa: Ina aka kwana kan lafiyar ido a Najeriya?

A ranar Alhamis ta biyu a watan Oktoba na kowace shekara ne ake bikin Ranar Gani ta Duniya, inda hukumomi da ƙungiyoyi kan shirya gwajin ido kyauta, su raba magunguna da tabarau. Da zarar an watse, tambayar da ke saura ita ce ina mai ciwon ido zai nufa a sauran ranakun shekara, musamman idan a ƙauye yake zaune.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa aƙalla mutum biliyan 2.2 ne ke fama da matsalar gani a duniya, kuma a cikinsu akwai aƙalla biliyan 1 da za a iya kare matsalarsu tun farko ko a magance ta. A Najeriya, binciken ƙasa kan makanta da aka gudanar tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, wato kimanin mutum miliyan 1.13. Shiyyar Arewa maso Gabas ce ke kan gaba da kashi 6.1, yayin da Kudu maso Yamma ke da kashi 2.8. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne kashi 84 cikin 100 na wannan makanta ta taso ne daga cututtukan da ake iya karewa ko warkarwa.

Yanar ido ce kan gaba, domin ita ta haddasa kashi 43 cikin 100 na makantar. Takan faru ne idan madubin da ke cikin ido ya dushe, galibi saboda tsufa, kuma tiyatar da ba ta cika wuce rabin awa ba ta isa a cire shi a sa na roba, gani ya dawo. Amma binciken ya nuna cewa sama da kashi 40 cikin 100 na idanun da aka yi wa aikin yana, masu aikin gargajiya ne suka taɓa su, ta hanyar tura madubin can cikin ido da tsinke, kuma kusan uku cikin huɗu na waɗannan idanu sun ci gaba da zama a makance. Dalilin da ke kai jama'a wurinsu a bayyane yake. Mai aikin gargajiya yana zuwa har ƙofar gida, yana karɓar abin da ya sawwaƙa, alhali zuwa asibiti na buƙatar kuɗin mota, ɗan rakiya, masauki da kuɗin tiyata.

Hawan jinin ido, wanda ya zo na biyu da kashi 16.7, ya fi yana haɗari, domin ganin da ya ɗauke ba ya dawowa. Yana lalata jijiyar gani sannu a hankali, yana farawa daga gefe, kuma yawanci babu zafi. Daga cikin waɗanda aka samu da cutar a binciken, ƙasa da kashi 6 cikin 100 ne suka san suna ɗauke da ita. Shi ya sa likitoci ke shawartar duk wanda ya kai shekara 40, ko yake da mai cutar a danginsa, ya riƙa zuwa gwaji ko da bai ji komai ba. Haka ma masu ciwon suga, domin cutar tana lalata ƙananan jijiyoyin jini da ke bayan ido.

Matsalar da ta fi yawa kuwa ita ce mafi sauƙin magani, wato rashin tabarau. Ɗalibin da ba ya ganin allo sai a ɗauka daƙiƙi ne. Telan da ya haura arba'in ya kasa zura zare a allura, ko dattijon da ya daina karatu da dare, sau da yawa tabarau mai rahusa kawai yake buƙata.

Gwamnati ba ta zauna haka nan ba. Akwai manufar ƙasa kan lafiyar ido ta 2019, kuma a 2023 Shugaba Bola Tinubu ya amince da shirin samar da tabarau sama da miliyan 5 ga 'yan ƙasa. Najeriya na cikin ƙasashen da suka amince a 2021 da burin faɗaɗa tiyatar yana da samar da tabarau nan da 2030. Akwai kuma cibiyoyi irin su Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, da Asibitin Ido na ECWA da na Makkah a Kano, waɗanda marasa lafiya ke zuwa daga jihohi masu nisa.

Sai dai wannan tururuwa ita kanta alama ce ta giɓin da ke ƙasa. Ƙwararrun likitocin ido sun taru a manyan birane, wasu kuma na ficewa ƙasashen waje. A yawancin ƙananan asibitocin sha-ka-tafi babu ma'aikacin da aka horar ya gwada gani, sai mai ciwo ya koma kantin magani ya sayi na ɗigawa ba tare da umarnin likita ba, alhali wasu daga cikin irin waɗannan magunguna na tayar da hawan jinin ido idan aka daɗe ana amfani da su. Aikin tiyata kyauta da 'yan siyasa da ƙungiyoyi ke ɗaukar nauyi yana taimakawa, amma mai hawan jinin ido magani yake buƙata har ƙarshen rayuwarsa, kuma wanda aka yi wa tiyata yana buƙatar a sake duba shi.

Saboda haka aikin da ke gaba ya fi rataya a wuyan jihohi da ƙananan hukumomi: horar da ma'aikatan lafiya na matakin farko su gane cuta su tura mai ita gaba, shigar da gwajin ido cikin makarantu, da tabbatar da cewa inshorar lafiya, wadda dokar 2022 ta wajabta, ta ɗauki nauyin tiyatar yana da magungunan hawan jinin ido ga marasa galihu. Akwai kuma buƙatar sabunta alƙaluma, domin lokacin da aka yi binciken da har yanzu ake kafa hujja da shi, 'yan Najeriya miliyan 140 ne, yau kuwa sun haura miliyan 200.